Gidan Da Za Ki Duba Wa Mamanki

Zuwa ga 'yata Rifkatu,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Allah ya kai ki Jos lafiya, ya tsare jirgin ƙasan da duk wanda ke cikinsa, ya ba ki farin jini a wurin aikin da kika samu, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoronsa.

Za ki yi mamaki, muna gida ɗaya ina rubuta miki wasiƙa. Kin san halina. In na fara magana da baki sai in ɗauko wannan in saki wancan, kamar ina gaban 'yan aji, har ki gaji ban kai ga abin da nake nufi ba. Shi ya sa na zauna a tebur. Ki karanta a jirgi in kun wuce Kagoro, ko ki bari sai kin sauka kin huta.

Maganar gidan nan ce da Fasto ya gaya mana, inda ikilisiya take kula da tsofaffi da masu shanyewar jiki a bayan garin Jos. Mun yarda mu uku, ni da ke da mamanki, cewa ke za ki je ki gani da idonki kafin mu ɗaga ta daga gadon da take kwance a kai shekara biyu ke nan. Abin da kika ce shi za mu yi. Na san kaya mai nauyi na ɗora miki. Wanki Dauda yana bariki a Legas, ɗaki ɗaya gare shi da iyalinsa, ni kuma ba zan iya barin ta in yi tafiya ba. Amma na taɓa yin irin wannan dubawa, ban yi ta daidai ba, kuma gara ki san inda na kauce kafin ki sa ƙafa.

Kina makarantar kwana lokacin, ba ki ga yawancin abin ba. Yayana ne, Baba Istifanus, wanda ya yi aikin zuba gawayi a injin jirgi har ya yi ritaya. Matarsa ta riga shi tafiya, ba su haihu ba. A shekarar da aka gama yaƙin basasa ya faɗi a bakin rijiya, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshensa ya yi nauyi. Mamanki tana ƙauye wajen Fadan Kaje tana jinyar tata uwar, ni kuma kullum ina kan keke zuwa makarantar da nake koyarwa a Kagoro. Sai in bar shi da ruwa da kunu da safe, in dawo in tarar da shi yadda na bar shi. Ana nan aka ba ni labarin wani gida da wata ƙungiya ta buɗe don irinsu. Ba zan faɗi sunansa ba. An rufe shi tun tuni, kuma waɗanda suka buɗe shi da kyakkyawar niyya suka fara.

Na aika musu cewa zan zo ranar Lahadi bayan sujada. Na sa kwat da taye. Sistar da ke riƙe da gidan ta tare ni a bakin ƙofa, ta bi da ni ta wata hanya da aka jera wa duwatsu masu farar ƙasa, ga furanni dama da hagu. Ta zaunar da ni a falo, aka kawo shayi. Muka yi ta Turanci, ni kuwa ina jin daɗi an gane hedimasta ne ya zo. Daga baya ta leƙa da ni ɗakin kwana daga bakin ƙofa. Gadaje a jere, zannuwa farare, tsofaffi zaune a baranda cikin riguna iri ɗaya. Na dawo na ce wa yayana wurin ya fi gidanmu tsabta. Ban yi ƙarya ba, abin da na gani ke nan. Sai dai abin da aka shirya mini in gani na gani.

Don haka kada ki gaya musu ranar da za ki zo. Kada ki je ranar Lahadi, kowane gida yana wanke fuska ran Lahadi. Ki je tsakiyar mako, lokacin abincin rana. In sun ba ki kujera a falo ki yi godiya, ki ce kin fi so ki zagaya. Ki bi ta baya, wajen wanki da madafa. In kika ga igiyar shanya ta cika da zannuwan gado, ko da masu faci ne, hankalinki ya ɗan kwanta, ana canjawa ke nan. Ki kuma yarda da hancinki. Duk inda ake jinya ba ya rasa wari, namu ɗakin ma kin sani. Amma kin san bambancin warin abin da ya faru yanzu ana kan gyarawa da wanda ya kwana ya wuni har ya shiga katifa. Wannan na biyun ba ya ɓuya, ko an zuba masa maganin kashe wari.

Na kai Yaya. Nakan je duba shi in na samu sarari, kullum ran Lahadi, kullum cikin sauri don kada motar komawa ta wuce ni. Wata rana na tarar da kwanon tuwo a gefen gadonsa ba a taɓa ba, aka zo aka ɗauke, aka ce mini Baba ya ƙoshi. Na yarda. Sai da na yi nisa a mota na tuna cewa a damansa aka ajiye kwanon, wajen hannun da ya mutu. Na ce a raina in na dawo zan yi magana. Da na dawo na manta.

Idan aka kawo abinci, Rifkatu, kada ki tsaya kallon tukunya. Ko nama ne a ciki, ba shi da amfani ga wanda ba zai iya kai shi baki ba. Ki kalli waɗanda ba sa iya ɗaga hannu. Wa ke zama da su? Yana jira su haɗiye, ko yana tura cokali yana kallon ƙofa? Ki duba kofin ruwa, ko yana wajen hannun da ke aiki. Mamanki hagu ne ya shanye mata, kin san yadda muke ajiye komai a damanta ba tare da mun yi tunani ba. Ki ga ko su ma hannunsu ya saba da haka.

Abin da ya fi ruɗa ni shi ne shirun da Yaya ya yi. Kin tuna muryarsa. Mutumin da in yana gardama a tasha ana jin sa daga bakin kasuwa. Ko bayan ya faɗi, da harshen nan mai nauyi, bai daina faɗa da ni a kan gishirin miya ba. Amma bayan 'yan watanni a gidan sai na riƙa samun sa kwance yana kallon rufi. Sista ta ce ya natsu, ya saba da wurin. Na ji daɗin kalmar, na ɗauke ta na kawo gida. Wata mai aiki a ɗakin ta ce mini da farko yana yawan surutai, ba wanda ke gane abin da yake faɗi, yanzu kuwa ya bari. Ni ma da na je, da Hausa nake gaishe shi, saboda a gaban baƙi haka bakina ya saba. In ce, "Yaya, ya jiki?" Sai ya dube ni, ya motsa leɓe. In ce to, Allah ya ƙara sauƙi, in gyara masa bargo daga sama, in yi addu'a, in tashi.

Da kakarki ta rasu aka gama zaman makoki, mamanki ta dawo Kafanchan. Washegari ta ce za ta je ta ga Yaya. Na ce ta bari sai Lahadi, ta ce ba ta ga dalili ba. Ta dafa faten acca ta zuba a kwano ta ɗaure da ɗankwali, na nemi izini a makaranta, muka shiga mota. Ba ta tsaya a falo ba. Ta wuce kai tsaye ta durƙusa a gaban gadonsa, ta gaishe shi da yarenmu, yadda mace ke gaida wan mijinta. Yaya ya juyo da ido. Ya kama bakin zanenta da hannun hagu, ya fara magana yana hawaye. Ashe tun da na kai shi ciwon ya ci gaba, ya cinye masa Hausa, bai bar masa komai ba sai harshen da uwarmu ta yi masa magana da shi. Surutan nan da aka ce yana yi, cewa yake a juya shi, bayansa yana ci masa kamar wuta. Ya yi ta faɗa har ya gaji ya yi shiru.

Mamanki ta nemi gafararsa, ta ɗaga mayafin. Ta ce, "Baban Dauda, zo ka gani."

Ba zan kwatanta miki duka ba. Miki ne a ƙugu, da ƙasan baya, da duddugen ƙafa, ɗaya har ya yi zurfi. Zanen sama fari ne tas. Na ƙasa ya manne da jikinsa. Ta dube ni ta tambaye ni ko ban taɓa ɗagawa ba. Na ce ban taɓa ba. Ta ce in nemo mota.

Ki ɗaga mayafi, 'yata. Amma ki fara gaida mai shi, ki zauna, ki nemi izininsa, domin jikinsa ne, ba na gidan ba. In mace ce kuma ta yarda, ki dubi bayanta da duddugenta da tsakanin yatsun ƙafa. Ki dubi farce. Wanda aka yanke wa farce, wani ya zauna kusa da shi ya riƙe hannunsa. Kuma kada shiru ya burge ki. Ɗakin da tsofaffi da yawa ke ciki ba a jin tari ko gunaguni ko kiran wani, ki tambayi kanki me ya sa suka daina kira. Ki tambaya ko akwai mai jin yarenmu a cikin ma'aikata ko masu zuwa ziyara. Mamanki tana da Hausarta har yanzu, amma kin lura in ta gaji ko zazzaɓi ya kama ta, yare take komawa. In babu mai ji, ba lallai wannan kaɗai ya hana ba, amma ki ga ko mutane ne masu tsayawa su gane nufin mara lafiya ko da ta ido da hannu.

Akwai wani abu da na yi ranar da ba na so ki yi. Kafin in fita neman mota, matar nan mai aiki a ɗakin ta shigo, wata dattijuwa da ake kira Asabe, riƙe da fo, tasar bahayar marasa lafiya, a hannu. Na sauke mata duk fushina. Na kira ta marar tausayi a gaban marasa lafiya. Ta tsaya har na gama, sannan ta ce, "Malam, ni kaɗai ce a ɗakin nan tun farkon damina. In na ɗaga wannan, wancan yana kira. Hannu biyu ne da ni." Ta wuce da fonta. Daga baya na ji cewa abokan aikinta sun watse ɗaya bayan ɗaya, ba a kawo wasu ba. Ita ce ma ta taimaka mana muka ɗauki Yaya zuwa mota, ta sa masa filo a inda ba zai taɓa mikin ba. Fushin da nake ji da kaina na juye mata, domin ita ce a kusa.

Saboda haka ki dubi ma'aikatan kamar yadda za ki dubi marasa lafiyan. Ki ga ko sun isa aikin. Ki tambayi ɗaya tun yaushe take wurin. Gidan da mutane ke daɗewa suna aiki a cikinsa, akwai abin da ke riƙe su. Ki tambaya wa ke juya waɗanda ba sa iya juyawa in kowa ya kwanta, ki ga ko amsar ta fito nan da nan ko sai an dubi juna. Ki saurari yadda suke kiran tsofaffin. A wancan gidan na ji ana ce wa yayana mai gadon taga, ban damu ba a lokacin. Mutumin da ya kai jirgi Inugu ya dawo da shi ba sau ɗaya ba, ya zama mai gadon taga. Ina so a kira mamanki da sunanta, Saratu, ko a ce Mama.

Mamanki ce ta yi jinyar Yaya a ɗakin da kike kwana yanzu. Tana juya shi, tana wanke mikin da ruwan ɗumi da gishiri, tana shafa maganin da aka ba mu a asibiti. A hankali naman ya cike. Muryarsa ta dawo, ya koma faɗa da ni, da yare wannan karon. Ya ga kaka ɗaya a gidanmu, ya ci sabuwar doya, sannan Ubangiji ya kira shi.

A bakin kabarinsa na yi wa kaina alkawari cewa ba wani nawa da zai sake kwana a irin wannan gida. Na ɗauka hikima na koya. Da mamanki ta faɗi, duk wanda ya kawo mini maganar wani wuri sai in rufe shi da faɗa. Na ce matar da ta yi wa yayana haka, ni zan yi mata da hannuna. Ban lissafa da shekaruna ba, ban kuma lissafa da ke ba. Aikin farko da aka kira ki, kika ƙi tafiya, na yi shiru kamar ban gani ba, domin ina bukatar hannunki. Kin san abin da ya faru a daminar bana, ranar da kika je kasuwa. Na zo ɗaga ta daga fo, bayana ya riƙe, ta zame daga hannuna. Kin dawo kin tarar maƙwabta sun mayar da ita gado. Abin da ba ki ji ba shi ne abin da ta faɗa mini tana kwance a ƙasa, ni ina durƙushe na kasa miƙewa. Ta ce, "Baban Dauda, wannan ba ƙauna ba ce kuma, taurin kai ne. Ka bar yarinyar nan ta tafi."

To, kada ki shiga gidan nan da ɗacin da ke raina. Gida ɗaya na gani, na yanke wa duka hukunci. Mai yiwuwa ki tarar da bango ya tsage, kujeru sun tsufa, ba fure ko ɗaya, amma mutanen ciki ana riƙe da su da mutunci. In kika ji ana gardama a baranda, ko wata tsohuwa tana yi wa mai aiki tsiya ita kuma tana dariya, in kika ga kowa da nasa zanen ba riga iri ɗaya ba, in suka bar ki ki shiga duk inda kike so ba mai bin bayanki, waɗannan sun fi mini farar ƙasa. Ki tambayi mai riƙe da gidan kai tsaye ko wani ya taɓa yin mikin kwanciya a hannunsu. In ta ce bai taɓa faruwa ba, ki yi hattara da ita. In ta ce ya faru, ga yadda suka yi, wannan mai gaskiya ce. Kada ki yanke magana a zuwa ɗaya. Ki koma wata rana da safe, ki koma da yamma, ki sami tsohuwa ɗaya ki zauna da ita har ta manta ke baƙuwa ce.

Akwai abu biyu da za su ja ki, ina gaya miki don na san su. Za ki so ki ce gidan ya yi kyau saboda kin gaji, kuma kina da haƙƙin gajiya, shekara biyu ba wasa ba ne. Za ki kuma so ki ce bai yi ba saboda tsoron bakin mutane, kada a ce 'yar Malam ta samu aiki ta jefar da uwarta. Kada ki saurari ko ɗaya. Bakin mutane ki bar mini, ni zan tsaya a gaban dattawa in faɗa musu shawarata ce. Ki rubuto abin da kika gani kawai, mai daɗi da marar daɗi. In bai yi ba, ki ce bai yi ba, za mu nemi wata hanya, kuma ba hanyar ki bar aikinki ba ce. Matan zumunta na majami'armu sun raba kwanaki a tsakaninsu, za su riƙa zuwa suna taya ni ɗaga ta har mu ji daga gare ki.

In kuwa ya yi, sai ki yi mini abu ɗaya. Ki nemo mini ɗaki a kusa, ko ƙarami ne, inda zan iya takawa da ƙafa. Na riga na yi magana da ɗan ƙanena zai riƙe gonarmu ta citta. Ba zan zauna a Kafanchan ina zuwa ran Lahadi ba.

Na karanta wa mamanki wannan takarda kafin in rufe. Ta saurara idonta a rufe, har na ɗauka barci ya ɗauke ta. Da na gama ta ce na yi surutu da yawa kamar kullum, kuma na bar abu mafi muhimmanci. Ta ce in rubuta da bakinta, ga shi: "Rifkatu, ba kwanciya za ni yi a can ba. Ki tambaye su ko akwai aikin da mai hannu ɗaya za ta iya. Ko tsintar wake ne."

Ubangiji ya kiyaye fitarki da shigarki. Ya tsare ki a hanya, ya tsare ki a baƙon gari, ya ba ki ido mai gani da zuciya marar tsoro. Ki sa rigar sanyi, ki ci abinci a kan lokaci, ki nemi majami'a tun makon farko. Muna yi miki addu'a safe da yamma, mu biyu.

Ni ne mahaifinki,
Bitrus